Tunda bakteriyar da kaska ke sa wa shanu furotin ɗinsu na kama da juna, me ya hana a yi rigakafi ɗaya?

Ɗan'uwa, in na fahimce ka da kyau, ka karanta cewa bakteriyar da kaska ke ɗura wa shanu suna da wasu furotin, wato sinadaran da ke gina jikin halitta, iri ɗaya a fatar jikinsu, shine kake tambaya me ya hana masana su ɗauko wannan furotin ɗin su haɗa allurar rigakafi guda ɗaya da za ta kare saniya daga dukkansu. Tunaninka daidai yake da na masu bincike, tun shekarun 1980 suke bin wannan hanyar. Kamannin gaskiya ne, babu ja a kai. Inda gizo ke saƙar shine furotin ya zama kowa na da shi daban, ya zama kuma idan garkuwar jiki ta kama shi cutar za ta tsaya daban, kuma mafi yawan furotin ɗin da aka gwada sun cika sharaɗi na farko ne suka faɗi a na biyu.

Mu fara ware waɗanda muke magana a kansu, don mutane na yawan haɗa su. Babesia da Theileria kaska ce ke kawo su amma ba bakteriya ba ne, wasu halittu ne daban masu tsarin jiki daban, basa cikin wannan lissafin. Waɗanda suke ciki 'yan gida ɗaya ne da ake kira Anaplasmataceae. Akwai Anaplasma marginale mai shiga jajayen ƙwayoyin jini, saniya ta yi zazzaɓi, jininta ya ƙare, idonta da dasashinta su yi fari ko ɗorawa, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari. Akwai ƙanwarta Anaplasma centrale wadda ba ta da zafi sosai. Akwai Anaplasma phagocytophilum mai zama cikin fararen ƙwayoyin jini, an fi saninta a shanu da tumakin Turai, kuma tana kama mutum. Sai Ehrlichia ruminantium mai kawo ciwon nan da ruwa ke taruwa a jakar zuciya da huhu, dabba ta riƙa zagaye tana ɗaga ƙafa sama-sama har ta faɗi tana shure-shure, ita wannan a cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini take zama, har na ƙwaƙwalwa, kuma kaskar Amblyomma ce ke yaɗa ta. Da can Cowdria ruminantium ake ce mata, sai a 2001 da aka sake tsara dangin bisa binciken ƙwayoyin gado, wato DNA ɗinsu, aka ga ashe duk tsatsonsu ɗaya, aka mayar da ita cikin Ehrlichia.

Dukkansu basa iya rayuwa sai a cikin ƙwayar jikin dabba ko ta kaska. Kaga kenan antibodi, wato makaman da jiki ke zubawa cikin jini, basa samunsu sai a ɗan taƙin da suka fito daga wannan ƙwaya za su shiga waccan. A wannan ɗan lokacin abin da garkuwar jiki ke gani fatar bakteriyar ce kawai, kuma su waɗannan basu da wani sinadarin kitse da sukari da ake kira LPS wanda ya lulluɓe sauran bakteriya irinsu, don haka abin da ke fili a fatarsu galibi furotin ne. Shi yasa duk hankali ya koma kan furotin ɗin fata.

Hujja mafi ƙarfi cewa kariya na iya tsallakawa daga wannan ƙwayar zuwa waccan ta girmi duk wani binciken zamani. Arnold Theiler a Afirka ta Kudu ya bayyana A. marginale a 1910, a 1911 ya ware A. centrale, ya kuma lura saniyar da ta taɓa ɗaukar centrale idan marginale ta zo bata kayar da ita sosai. Daga nan aka fara sa wa shanu centrale da ranta a matsayin rigakafi, kuma har yau haka ake yi a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Isra'ila da wasu ƙasashen Kudancin Amurka. Shi Theiler bai san wani furotin ba, amma abin da yake amfani da shi kenan, furotin ɗin da biyun suka yi tarayya a kai. Sai dai ka lura da iyakarsa, baya hana saniya kamuwa da marginale, rage tsananin ciwon kawai yake, kuma an samu wuraren da irin marginale ɗin da ke can ya fi ƙarfinsa. Sannan daga jinin maruƙan da aka cire wa saifa ake haɗa shi, duk wata cuta da ke ɓoye a jinin maraƙin za ta iya bin allurar ta shiga garke guda, wannan tsoron ne ma ya sa Amurka bata amince da shi ba. Ga wahalar sanyi, na Ostireliya da ake haɗawa da Babesia iri biyu kwana 4 kacal yake yi idan ba daskararre ba ne. Hujja ta biyu kuma ta zo a farkon shekarun 1990, da aka ɓare fatar A. marginale gaba ɗaya, ba rai a ciki, aka yi wa shanu allura da ita, suka samu kariya mai kyau. Wato amsar tana cikin fatar, saura a gano wanne ne a ciki. Ita fatar kanta ba za a iya sayar da ita ba don tsarkake ta daga jini aiki ne mai tsada da ba zai wadaci miliyoyin shanu ba.

To sai aka bi manyan furotin ɗin da suka fi yawa, guda 6 ne aka sa musu suna MSP1a, MSP1b, MSP2, MSP3, MSP4 da MSP5. Labarin MSP5 shi ya fi dacewa da tambayarka. Wannan furotin ɗin kusan baya canzawa, yana jikin marginale, yana jikin centrale, yana jikin A. ovis ta tumaki da awaki, yana jikin phagocytophilum, har E. ruminantium na da ɗan'uwansa da ake kira MAP2. Saniyar da ta kamu kuma tana zuba antibodi masu yawa a kansa. A takarda babu wanda ya kai shi cancanta. Amma antibodin da ke kansa basa hana cutar komai. Abin da ya zama amfaninsa shine gwajin jini, gwajin ELISA da ake yi a duniya don gane saniyar da ta taɓa kamuwa da Anaplasma a kansa aka gina shi, kuma saboda wannan kamannin ne gwajin baya iya bambance maka saniyar da aka yi wa centrale da wadda marginale ta kama.

MSP2 kuma akasin haka ne, kuma a nan nake so ka tsaya sosai don shine zuciyar matsalar. Shi ya fi cika fatar, shi garkuwar jiki ta fi gani, shi da MSP3 su ke cinye mafi yawan antibodin da saniya ke yi. Lokacin da aka karanta kundin gadon A. marginale gaba ɗaya a 2005, irin da ake kira St. Maries, a jami'ar jihar Washinton, sai aka ga ƙaramin kundi ne, harafi wajen miliyan 1.2, amma a ciki akwai wuri ɗaya da ake buga MSP2 daga gare shi, sannan ga wasu guntayen kwafi a warwatse a ajiye, ƙasa da goma. Abin da ƙwayar ke yi shine ta kwafo wani yanki daga ɗaya cikin waɗancan guntayen ta liƙa a tsakiyar wurin da ake bugawa, wani lokaci guntun gaba ɗaya, wani lokaci ɗan tsagi daga wannan ɗan tsagi daga wancan, sai ga sabon MSP2 da jiki bai taɓa gani ba. Kamar ɓarawo ne da jama'a suka haddace launin rigarsa, kafin a taru a kama shi ya sake wata, kuma ba sabuwa yake saya ba, tsofaffin da ke jakarsa yake yankawa yana haɗawa. Shi yasa idan ka bi jinin saniyar da ta warke zaka ga ƙwayar na hawa tana sauka duk bayan makonni kaɗan, jiki ya kashe masu tsohon MSP2, 'yan kaɗan masu sabo su hayayyafa, a sake zagayowa, haka har ƙarshen rayuwar saniyar. Bata ciwo amma tana ɗauke da cutar, kaska na sha daga jikinta, ƙudan cizo na ɗauka, allurar da aka caka mata aka caka wa ta kusa ba a canza ba ita ma na ɗauka.

Yanzu ga inda kamannin ke yaudarar mutum. MSP2 da MSP4 na marginale, da P44 na phagocytophilum, da MAP1 na E. ruminantium wanda shi ma iyali ne na ƙwayoyin gado 16 a jere, da P28 na Ehrlichia chaffeensis mai kama mutum, duk zuri'a ɗaya ce, idan ka jera su a kwamfuta zaka ga suna kama. Amma ina kamannin yake? Waɗannan furotin ɗin a nutse suke cikin fatar ƙwayar, suna naɗewa su yi siffar ganga, ɓangaren da ke nutse shi ne baya canzawa don in ya canza ginin ya rushe, su kuma 'yan lanƙwasar da suka leƙo waje, waɗanda antibodi ke iya taɓawa, su ne ke canzawa. Abin da suka yi tarayya a kai a ɓoye yake, abin da ke fili kuma kowa da nasa. Don haka idan ka ga an rubuta furotin kaza yana kama da na wata ƙwaya da kashi kaza cikin ɗari, wannan lambar ita kaɗai bata gaya maka komai ba sai ka san a wane ɓangare kamannin ya taru.

MSP1a ba zan daɗe a kansa ba. Da shi ƙwayar ke maƙale wa jan ƙwayar jini da ƙwayoyin hanjin kaska, baya canzawa a cikin saniya ɗaya, amma bakinsa na waje maimaituwar wasu gajerun sassa ne da suka bambanta daga iri zuwa iri, an ƙirga ɗaruruwa a duniya, har ya zama da shi ake tantance irin marginale ɗin da ke garke, kuma garke ɗaya na iya ɗauke da iri da yawa lokaci guda.

Da manyan suka ba da kunya sai tunani ya juya, kuma a ganina juyin daidai ne. Aka ce tunda ƙwayar da kanta take tura MSP2 gaba don jiki ya ɓata ƙarfinsa a kai, to a nemi ƙananan furotin da basu da yawa a fatar, waɗanda saniyar da ta kamu bata cika kula su ba amma wadda aka yi wa allurar fatar gaba ɗaya tana kula su, kuma waɗanda ƙwayar ba za ta iya canzawa ba don aikinsu ya zama dole. Misali na farko wata na'ura ce ta furotin mai bututu da duk 'yan gidan ke da ita, da ita suke harba sinadaransu cikin ƙwayar da suka shiga don su juya ta yadda suke so, sassanta su ne VirB2, VirB9, VirB10 da sauransu, kuma kusan iri ɗaya ne a tsakanin nau'o'in marginale har da centrale. Misali na biyu furotin ɗin shiga, kamar OmpA da Asp14 da aka fara fahimtar aikinsu a phagocytophilum sannan aka ga marginale na da 'yan'uwansu, AM854 da AM936. Shi OmpA akwai wani ɗan gajeren sashe a jikinsa da yake kama sukarin da ke saman ƙwayar dabba, wannan sashen yana fili, yana kama a tsakanin ƙwayoyin biyu, kuma a kwanon gwaji antibodin da aka yi a kansa ya rage shigar ƙwayar. Irin wannan ne ake nema, wanda ya haɗa uku, kowa na da shi, yana waje, kuma in an toshe shi aiki ya tsaya.

Amma da aka kai ga saniya ta gaske labari ya sha bamban. An haɗa irin waɗannan furotin ɗin a ɗakin gwaji aka yi wa shanu, jininsu ya cika da antibodi kamar yadda ake so, da aka sa musu cutar sai suka kwanta kamar waɗanda ba a yi wa komai ba. An ga haka da AM779, an ga haka da haɗin furotin ɗin VirB a Ajantina, a gwajin da aka yi da AM854 da AM936 ma waɗanda aka yi wa allurar sun fi sauran rasa jini. Wannan sakamakon na ƙarshe yana damuna ƙwarai, don yana nuna antibodin da bai dace ba ba wai kawai baya amfani ba ne, yana iya ƙara wa dabba wahala.

Dalilan da suka fi gamsar da ni su ne waɗannan. Furotin ɗin da ke zaune cikin fata idan ka sa wata bakteriya kamar E. coli ta buga maka shi a kwalba, sau da yawa baya naɗewa yadda yake a jikin mai shi, sai saniya ta yi antibodi a kan siffar da babu ita a zahiri. Sannan a fatar ƙwayar ba shi kaɗai yake zaune ba, a manne yake da maƙwabtansa, kuma an nuna idan aka ɗaure furotin ɗin fatar da juna yadda suke a zaune aka yi allura da su kariya na samuwa, wanda ke nuna zaman tare ɗin na da muhimmanci, wani na jawo ƙwayoyin T, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu jagorantar garkuwar jiki, su taimaka wa wani. Don kariya a wannan cutar ba yawan antibodi ba ne kawai, ana buƙatar ƙwayoyin T masu alamar CD4 su saki wani sinadarin saƙo da ake kira intaferon gama, shi zai sa a yi irin antibodin da ake kira IgG2 ya kuma zaburar da ƙwayoyin da ke haɗiye cuta a saifa. Su kuma ƙwayoyin T basa ganin furotin sai an gutsuro musu shi an ɗora a kan wasu furotin na jikin saniyar da ake kira MHC, waɗanda suka bambanta sosai daga saniya zuwa saniya, to guntun da wannan saniyar ta gani da kyau waccan ba lallai ta gan shi ba. Kaga furotin ɗaya tilo da wuya ya isa garke guda, balle nau'o'in shanu na duniya.

Idan ka tsallaka wajen E. ruminantium abin ya ƙara tsauri, kuma shi yasa nake ganin maganar allura ɗaya ga dukkansu da sauran tafiya. Ita tun 1925 Edmund Cowdry ya gano ta, an karanta kundin gadonta a 2005 ita ma, amma rigakafin da aka daɗe ana sayarwa a Afirka ta Kudu jinin tunkiya ne mai ɗauke da wani iri da ake kira Ball 3, da ransa da zafinsa, a daskare ake kawo shi, a jijiya ake yinsa, sannan a riƙa auna zafin dabbar kullum, da zazzaɓi ya taso a yi mata allurar maganin kashe bakteriya mai suna oksitetrasaikilin. Kuma shi kansa baya kare dabba daga duk irin E. ruminantium da ke daji. Ka duba fa, ƙwaya ɗaya ce, da ranta, da duk furotin ɗinta cif, amma wani irin baya kare dabba daga wani irin, to ina ga furotin ɗaya da aka aro daga Anaplasma? Ga shi kariyarta ta fi dogara da ƙwayoyin T fiye da antibodi. Akwai kuma wani darasi da ya fito daga gwaje-gwajenta, an yi rigakafin DNA, wato na guntayen ƙwayoyin gadon cutar, da ya kare tumaki tsaf lokacin da aka sa musu cutar da sirinji, da aka bar kaska ta cije su a fili sai 'yan kaɗan suka tsira. Yawun kaska na ɗauke da sinadaran da ke danne garkuwar jiki a wurin cizon, kuma ƙwayar da ta fito daga kaska ba furotin ɗin da take nunawa a jinin dabba take nunawa ba gaba ɗaya.

Wasu ma ganin haka suka ce a kyale bakteriyar a yaƙi kaskar. An yi hakan da wani furotin na hanjin kaskar Rhipicephalus microplus mai suna Bm86, ya fito kasuwa a shekarun 1990 da sunan TickGARD a Ostireliya da Gavac a Kuba, kaska ta sha jinin saniyar da aka yi wa allura antibodin ya lalata mata hanji ta kasa yin ƙwai sosai. Yana rage yawan kaska a hankali, amma baya aiki a kan Amblyomma yadda ake so. Wasu kuma sun koma wa ƙwaya mai rai amma ta hanyar zamani, tunda tun shekarun 1990 aka iya rainon A. marginale a ƙwayoyin kaska cikin kwalba ba sai da jinin maraƙi ba, kuma a 2022 wasu masu bincike a Amurka suka ba da rahoton sun cire mata ƙwayar gado ɗaya, ta rasa zafinta, shanun da aka sa wa suka jure cutar. Ni ina ganin wannan zai iya riga na furotin zuwa hannun makiyaya, don yana kai wa saniya fatar gaba ɗaya a yadda take.

Duk da haka ban cire rai da furotin ɗin tarayya ba ko kaɗan, sai dai ina ganin tsarin zai kasance hawa-hawa. Na farko a samu wanda zai kare saniya daga nau'o'in marginale daban-daban, wannan kaɗai babbar nasara ce da ba a kai gare ta ba tukuna. Kuma ba furotin sukutum ba, a yanko ƙananan sassan da suke fili kuma suke aikin kamawa da shiga, daga furotin da yawa, a haɗa su da sassan da ƙwayoyin T na shanu iri-iri ke gani, a bar MSP2 a waje don kada ya sake janye hankalin jiki. A bar MSP5 ma a waje da gangan, don ta haka gwajin jinin da ake da shi zai iya bambance saniyar da aka yi wa rigakafi da wadda ta kamu da gaske, abin da rigakafin centrale baya bari a yi.

Idan ka ci karo da wani rahoto da ke cewa an gano furotin ɗin tarayya da zai zama rigakafi, duba a me aka gwada shi. Da yawa a kwamfuta kawai aka yi hasashensu, wasu a ɓeraye, alhali A. marginale ba cutar ɓera ba ce. Duba ko an sa wa shanun cutar bayan allurar ko antibodi kawai aka auna, ko irin da aka sa musu shine wanda aka ciro furotin ɗin daga jikinsa ko wani ne daban, ko da kaska aka sa ko da sirinji. Duba shekarun shanun ma, don maraƙin da bai kai shekara ba da kansa yake jure anaplasma ko ba a yi masa komai ba, manyan da suka haura shekara 2 zuwa 3 su ne take kashewa, gwajin da aka yi a ƙananan maruƙa kaɗai zai iya nuna kariyar da ba allurar ce ta kawo ta ba. Wannan juriyar ta ƙuruciya ce ma ta sa a ƙasashen da ke amfani da centrale ake son a yi wa maraƙi tun yana tsakanin wata 3 zuwa 9, kafin ya girma allurar kanta ta zame masa ciwo.